Hulunan Kawu da Hatimin Meri

Garinmu ba shi da abin nuna wa baƙo sai ƙofa guda. In ka taso daga Konni ka bi titi, ka ratse kafin ka kai Malbaza, za ka tarar da ita tsaye a bakin kasuwa ita kaɗai, babu ganuwa hagu, babu ganuwa dama. Ruwan sama ya cinye rabin ganuwar, sauran rabin mutane suka kwashe suka yi tubali. Ƙofar ce ta yi taurin kai ta tsaya. An yaɓa mata siminti a kafaɗa ɗaya, 'yan siyasa sun lulluɓe ta da hotunansu, awaki sun mayar da inuwarta wurin hutawa. Duk da haka, in ɗan garinmu ya je Yamai aka tambaye shi me ke garinsu, ƙofar nan zai ambata, har da ɗaga murya.

A gindinta kawuna yake zama kowace ranar kasuwa. Wan mahaifiyata ne, kuma shi ya raine ni. Mahaifiyata ta rasu ban cika shekara uku ba, mahaifina ya tafi cirani Nijeriya ya zarce, sai kawu ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa. Sana'arsa ɗinkin hula. Yakan shimfiɗa buhu ya jera hulunan a kai, ya miƙe ƙafa ɗaya ya maƙala zare a babban yatsa, ya ci gaba da ɗinkin wata yana jiran mai saye. Ba ya kiran kowa, ba ya yabon kayansa. In ka taya bai yi masa ba, sai ya ce albarka ya mayar da ido kan allura. Da allurar nan ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, da ita ya tura ni Tawa karatu.

Kowace hula tasa ƙofar gari ce a jikinta, sau huɗu a kewaye. Ba ƙofar yau mai siminti da hotuna ba, ƙofar da ya sani yana yaro: zanko biyu a sama, ƙyaure ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, sai wani ɗan farin kewaye a ƙasa wajen hagu, bai fi ƙwayar wake ba. Ba ya zana ta da biro kafin ya fara kamar yadda sauran maɗinka ke yi. Zaren yadin yake ƙirgawa da ido, hannu ya bi. Tun ina ɗan ƙarami nake ganin zanen nan, har na daina ganinsa. Ban taɓa tambayarsa ma'anar komai a ciki ba, shi kuma ba mai ba da labarin da ba a tambaye shi ba ne. Ranar da na sami aikin sakatare a ofishin magajin gari, ofishin da kowa ke kira meri, ya miƙo mini wata shuɗiya mai farin zare ya ce in riƙa zuwa buro, wato ofis, da ita.

Na sa ta kuwa, amma gaskiya a lokacin kaina ya fi hular girma. Ina da tebur, ina da kwamfuta, ina da mabuɗin durowar da hatimi ke ciki. Tsofaffin da suka san ni tun ina yawo ba wando suna cire takalmi a bakin ƙofata suna ce mini mushe, wato yallaɓai a bakin 'yan Faransanci. Ina son kalmar nan, ba zan ɓoye ba. In mutum ya manta bai faɗa ba, takardarsa takan yi nauyin fitowa.

Wata shekara bayan girbi, magajin gari ya dawo daga wani taro da riga mai gajeren hannu, irin wadda muke ce wa tiriko, an buga mata hoton wani dogon gini na garin da ya je. Ya shimfiɗa ta a tebur ya ce mu ma muna da ƙofa, da me suka fi mu? Shawarar ba ta da laifi. Telolin garinmu za su yanka su ɗinka, samarin da suka koyo bugun zane a Konni su buga ƙofar a ƙirji, aiki ya zauna a gida maimakon kullum mu sa abin da aka tsallako da shi daga iyaka. Aka ce ni ne mai ilimi, in kawo zane.

Na je na ɗauki ƙofar hoto da waya, ta gaba, ta baya, ta gefe. Kowane hoto kango ne da akuya. Na gwada zanawa da hannu, abin ya fito kamar rumbun da ya sha damina uku ba gyara. Kwana biyu ina yaga takarda. Rana ta uku zafi ya ishe ni, na cire hula na ajiye a tebur ina sosa kai, sai ga ƙofa tana kallona, tsaf, yadda nake nema. Na rufe buro, na ɗora siririyar takarda a kan hular, na bi layin zaren da fensir ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko ɗigo ba. Sannan na ƙara wa zanen girma a kwamfuta. Hular kuwa na ninke ta na tura cikin durowa, na shiga taro kai ba hula.

Aka tafa mini. Magajin gari ya ce karatu bai faɗi ƙasa banza ba. A nan ne ya kamata in ce na kawuna ne, in rufe baki, shi ke nan. Na buɗe bakin, sai na ji ina cewa na daɗe ina nazarin gine-ginen gargajiya. Wani kansila ya sa yatsa a kan ɗan kewayen nan na ƙasa ya ce wannan fa, mene ne? Ban sani ba, kuma mushe ba ya cewa bai sani ba. Na ce rana ce take hudowa, alamar garin da ke farkawa. Suka ce madalla. Har a 'yar takardar bayanin da aka raba wa makarantu na rubuta haka, da Hausa da Faransanci.

Rigunan suka fito, kuma sun yi kyau, wannan ba zan ƙwace musu ba. Nakan je zauren da ake bugawa in tsaya ina kallo. A shimfiɗa riga, a kifa mata wani katako mai kusurwa huɗu da aka ɗame wa siririn ƙyalle, a zuba tawada a ja da roba sau ɗaya, a ɗaga, ƙofa ta bayyana. A shanya su a igiya har bakin titi. 'Yan kabu-kabu suka fara sawa, sai 'yan lakwal, sai masu tafiya Yamai suna saya tsaraba. Amma mu mutanen bakin iyaka mun san halin kasuwarmu. Ba a yi wata biyu ba sai ga irinsu an bugo daga wani wuri, yadi kamar ɓawon albasa, wanki ɗaya ƙofar ta zube. Teloli suka zo meri suna kuka. Sai aka yanke cewa zanen na gari ne, duk mai son sayar da tufa mai ɗauke da shi sai ya karɓi takardar izini, kuma a ɗinka wa kowane kaya ɗan ƙyalle mai hatimin meri daga ciki. Wanda aka kama babu hatimi a kwashe kayansa. Ni na buga dokar da yatsuna, ni na kai wa mai shela.

Kada wani ya ce na manta da kawu. Ban manta ba. Ina buga kalmar tufa na tuna hula ma tufa ce. Abin da ya kamata a yi a fili yake, in je gida in ɗauko shi a ba shi takarda kafin kowa. Amma in na kawo shi meri da hulunansa, duk mai ido zai ɗora hula kusa da riga ya ga wadda ta haifi wata. Sai na ce gobe. Goben ta zama mako, mako ya zama wata. Ina zuwa gaishe shi ranar Juma'a kamar kullum, mu yi maganar gero da tsadar zare, in tashi ban faɗa ba. Ya ga rigunan, ai ba makaho ba ne, 'ya'yan maƙwabtansa ma suna sawa. Bai ce mini uffan ba. Sau ɗaya dai ya dubi kaina ya ce, "Ina hular taka?" Na ce tana wajen wanki.

Mai duba kasuwa da aka ɗora wa aikin baƙo ne, daga gabas aka turo shi, bai yi wata uku a garin ba. Mutum ne mai son aikinsa, bai san kowa ba, bai san wane ɗan wane ne ba. Ranar da za a fara zagaye ya ce in biyo shi da rajista, tunda ni na san zanen. Muka fita da hantsi, shi da ni da masu gadi biyu riƙe da buhuna. Muka kwashe na jabu a rumfuna uku, masu su suna ta rantse-rantse. Ni duk hankalina ba ya wurin. Ina ta jan su wajen 'yan tumatir da 'yan gishiri, ko Allah zai sa azahar ta yi mu koma. Shi kuwa ya ce ai ba a duba zanen ƙofa a bar gindin ƙofa.

Kawu yana nan inda yake kullum, ƙafa a miƙe, zare a yatsa. Gefensa matan Fulani masu nono sun jera ƙorai, can gaba kuma tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda ta san ni tun ban san kaina ba. Mai duba kasuwa ya sunkuya ya ɗauki hula ɗaya, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya yi dariya.

"Kai, mushe, zo ka gani. Tsohon nan gwani ne. Har ranar ya kwaikwaya, bai bar komai ba." Ya juya wajen kawu. "Baba, ina takardarka?"

"Wace takarda?" in ji kawu.

"Ta izini. Wannan zanen meri ne. Ga wanda ya yi shi nan tsaye."

Kawu ya ɗago kai ya dube ni. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne, irin kallon da yake yi wa zare ne in yana son ya ga ko zai shiga allura. Ni kuwa nan take na sami wani abu mai muhimmanci ƙwarai a cikin rajista. Mai duba kasuwa ya ga kallon, ya ce mini, "Ka san shi ne?"

Na ce, "Ina dai ganinsa nan kasuwa."

Na sha juya maganar nan a raina ko zan samo mata wata fuska. Babu. Da Hausa na faɗe ta, da rana tsaka, a gaban mutanen da suka san wanda ya kai ni wajen wanzami ya zauna da ni har na warke. Masu nono suka daina hira. Tsohuwa mai ƙosai ta ajiye cokalin tuyarta ta ce, wai ba da kowa take ba, "Allah Sarki. Albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Ɗaya daga cikin masu gadin ɗan gari ne, ya tsaya da buhu a hannu ya kasa sunkuyawa. Kawu ne ya sauƙaƙa masa. Ya cire zaren daga yatsa, ya soke allurar a gaban rigarsa, ya shiga cusa hulunan ɗaya cikin ɗaya yadda yake yi in kasuwa ta tashi, ya miƙa masa.

"Ku aje su inda babu danshi," ya ce. "Kuma kar a aza musu kaya bisa, suna karyewa." Sannan ya dube ni ya ce, "Mushe, rubuta." Ya faɗa mini sunansa da na mahaifinsa a hankali, yadda baƙo ke faɗa wa ma'aikaci. Bai taɓa ce mini mushe ba sai ranar. Na rubuta.

Buhun ya kwana tara a ɗakin ajiya, bango ɗaya tsakaninsa da teburina. Gari kuwa ya ɗauka. Babu wanda ya tare ni ya zage ni, da ma an yi haka da na sami abin yi wa fushi. Gaisuwa ce dai ta gajarce. Ɗan kabu-kabun da ke kai ni buro, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya koma tuƙi shiru. Matata ta ajiye mini tuwo ta juya, da na tambaye ta lafiya ta ce lafiya lau, gidan kawu ta je ta kasa haɗa ido da mutanen gidan. Na daka mata tsawa, na ce doka doka ce, ba ta san kawun kowa ba. Ta ce, "Doka ba ta san shi ba. Kai hwa?" Ranar kasuwa ta zagayo, na bi ta gindin ƙofa a kan babur, wurinsa babu kowa sai akuya kwance. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin wurin nan haka ba. Juma'a ta zo ban je gaisuwa ba, na ce wa kaina aiki ne ya yi yawa.

Aka kira waɗanda aka kwashe wa kaya su zo su yi bayani gaban magajin gari. Ni ne mai rubuta abin da aka faɗa. Kawu ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya cire takalmi a bakin ƙofa, aka nuna masa kujera ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa. Aka zazzage hulunan a tebur kusa da riga ɗaya mai hatimi. Magajin gari ya daɗe yana duban su.

"Malam, zanen ga, ina kas samo shi?"

"Ranka shi daɗe, ƙohwa nig gani, nid ɗunka ta."

"Kahin a yi rigunan ga, ko bayan an yi su?"

"Tsoho ba shi riƙe kwanakki, ranka shi daɗe."

Magajin gari ya juyo wajena. "Mushe sakatare, kai da kay yi zanen, kana da abin cewa?" Na ce babu. Ya sake tambaya ta wata hanya, ya ce ko akwai wanda ya taimake ni lokacin da nake nazarin nan nawa. Fanka tana juyawa a sama. Shuɗiyar hular tana cikin durowa, taku biyar daga inda nake zaune. Na ce littattafai ne suka taimake ni.

Kawu ya yi gyaran murya. "In laihi na, nawa na. Ni ban nemi takarda ba. A yi mini aikin gahwara."

Aka yafe masa, aka ce a mayar masa da kayansa a kuma ba shi izini. Ni na buga takardar, cewa an yarda wa wane ɗan wane ya yi amfani da zanen ƙofar gari a kan huluna. Na ciro hatimi na buga, na haɗa masa da ƙullin ƙananan ƙyallayen da zai riƙa ɗinkawa daga ciki. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sa takalminsa ya fita bai ɗauki buhun ba. Kawu ba ya mantuwa, na san wanda ya bar wa ɗaukan.

Bayan la'asar na kai masa. Na tarar da shi a zaure yana warwarar zare. Matarsa, wadda nake ce wa inna, wadda ta yi mini wanka har na girma, ta amsa sallamata daga ciki ba ta fito ba. Na ajiye buhun na tsuguna. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Kawu, na yi maka laihi."

"Zamna," ya ce. Ya ciro hula ɗaya ya sa hannu a ciki ya gyara mata zama, ya duba ko ta karye. "Zane ba komi na ba. Da ka tambaya da na ba ka, da na zana maka babba. Wa nika aje ma shi in ba kai ba?" Ya juyo da hular wajena. "Abu guda dai nika son in ji. Jikana ya zo da takarda daga lakwal, wai wanga abu rana ta." Ya ɗora babban yatsa a kan ɗan farin kewayen. "Kai kac ce haka?"

Na ce ni ne.

"Ka taɓa ganin rana ta zamna gindin ƙohwa?"

Na ƙura wa kewayen ido.

"Ƙwarya ta. Ƙwaryar hurar uwarka. Nan taka aje ta, hagun ga ƙohwa inda inuwa ka hwara sauka, kai kana goye, ni ina dama ina ɗunki. Nan ciwon yak kama ta anka ɗauke ta zuwa gida. Da munka dawo daga biso, mun kai ta makwancinta, na iske ƙwaryar inda tab bar ta, ba wanda yat taɓa. Tun ran nan ban ɗunka ƙohwa ba ita ba."

Ban san lokacin da na zauna dirshan a ƙasa ba. Na san mahaifiyata tana sayar da fura, an taɓa faɗa mini, amma ban san a ina ba, ban kuma nema ba. Tun ina yaro nake yawo da ƙwaryarta a kaina, sau huɗu a kewaye, sannan na tsaya gaban mutane da fensir a bayan kunne na ce rana ce. Na yi kukan da ban yi ba tun ina ƙarami, kuma kunya ta fi baƙin ciki yawa a cikinsa. Kawu bai rarrashe ni ba. Ya bari na gama, sannan ya ce in tashi in shiga in gaida inna, tana fushi amma ta ajiye mini abinci.

Washegari na ciro shuɗiyar hular na sa, na shiga wajen magajin gari na faɗi komai. Na zaci zai yi mamaki, har na shirya wa faɗansa. Ya jingina da kujera ya ce, "Hular da niy yi aure da ita, kawunka yad ɗunka ta. Tun ran da kak kawo zanen mun gane shi, ni da duk wanda ke cikin ɗakin nan. Mun aza girmama shi za ka yi, muna jira ka hwaɗi da bakinka. Jiya sau biyu ina buɗe maka hanya." Ashe duk ɓoyon da na yi wata da watanni, mutum ɗaya kawai na ɓoye wa, baƙon da aka turo daga gabas.

Shi ma baƙon bai bar ni ba. Da labari ya kai masa ya shigo buro ya tsaya a kaina, ba ihu ba zagi, ya ce, "Mushe, ni na tambaye ka." Daga nan ya wuce gidan kawu ya tsuguna ya ba shi haƙuri kan laifin da ba nasa ba, ya kuma sayi hula. Har ya bar garin ita yake sawa.

Aka gyara takardun izini, aka rubuta sunan kawu a matsayin mai zane. Na so in sake buga takardar makarantu in gyara maganar ranar. Kawu ya hana, ya ce ba ya son a riƙa raba ƙanwarsa aji aji, a bar ta ta huta. Ya koma gindin ƙofa ranar kasuwa, yana ɗinka ɗan ƙyallen hatimi a cikin kowace hula, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ni ma na koma zuwa gaisuwar Juma'a, yana karɓata kamar da. Sai da aka kwana biyu na ɗauki wata sabuwar hula a gabansa ina juyawa, na ga zanko biyu, na ga ƙyaure ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, wajen hagu kuwa fili ne. Na duba ta biyu, na duba ta uku, duk haka. Na ce, "Kawu, ka bar wani abu." Bai ɗago kai ba ya ce, "Ni ban iya ɗunka rana ba."

Har yau ina meri, hatimi yana cikin durowa, rigunan ana ta bugawa. Ba na fita in dawo ban ga ƙwaryar nan a ƙirjin wani ba, ɗan kabu-kabu ko mai tura ruwa ko baƙon da ya sayi tsaraba. Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kama sunanta, uwata nake ce mata. Bara ta shiga lakwal. Wata rana ta dawo da rigar a jiki, an ba su saboda wani biki, ta tsaya gabana tana juyawa don in gani. Na jawo ta na sa yatsa a kan ɗan kewayen na ce, "Uwata, mi na wanga?"

"Rana ta, baba."

"A'a. Ƙwarya ta. Ƙwaryar mai sunanki."

Ta ja rigar ta sunkuyar da kai ta duba da kyau, sannan ta girgiza kai. "Rana ta. Mushenmu na lakwal ya gwada muna takarda, daga meri tah hito, har da hatimi."

Ban yi mata musu ba. Na san hannun da ya buga hatimin.